Misalin Malamin Kimiyya da Miyar Yakuwa

Akwai wani mutum, malamin kimiyya ne a makarantar sakandare. Mutumin kirki ne, sai dai ko ruwa ka roƙe shi, sai ya gaya maka abin da ke cikin ruwan kafin ya miƙo kofi. Abu ɗaya ke damunsa a duniya: surukarsa ba ta taɓa yaba masa ba. In an ce malami ne, sai ta ce, "To, Allah ya sa allo ya ciyar da su."

Wata rana tsohuwar ta aiko cewa tana tafe. Matarsa ta ɗora miyar yakuwa, ta ce, "Baban Saratu, zan je tasha in taro Inna. Ka duba mini wuta. Wuta kawai."

Da ta fita, mutumin ya buɗe tukunya ya ɗanɗana. Tsami ya kama masa muƙamuƙi. Ya ce a ransa, "Yau Inna za ta san wa 'yarta ta aura."

Ya nemi kanwa bai samu ba, amma ya ga gwangwanin bekin soda, farar hodar nan da matarsa ke sa wa cincin. Ya gyara murya, ya fuskanci tukunya kamar aji, ya ce, "Ku kula, ku kula! Wannan hoda hali biyu gare ta. In ta sadu da tsami, sai ta karɓe masa ƙarfi. In ta sadu da abu mai kaifi irin ruwan toka, sai ita ta zama mai tsamin. A tsakiya take zaune. A ma'aunin tsami da muke kira pH, tana da lamba biyu, shida da ɗigo uku, da goma da ɗigo uku. Ku haɗa, ku raba biyu. Nawa ke nan? Takwas da ɗigo uku. Madalla!"

Ya ɗaga gwangwanin sama, ya ci gaba.

"Yanzu ku dubi lissafin da kyau. Ina yawan hoda a ciki? Babu! Cokali ɗaya, cokali goma, amsa ɗaya ce. Ashe ba ta yin yawa."

Sai ya juye gwangwanin duka.

Miya ta yi kumfa, ta taso, ta ɗaga murfi, ta gangaro ta kashe wutar da aka ce ya duba. Da ta lafa, ya tsoma 'yar takardar gwajin tsamin da ba ta rabuwa da aljihunsa. Launi ya nuna takwas da 'yan kai. Ya daki ƙirji, ya share murhu, ya sa riga mai kyau.

Baƙuwa ta iso, aka gaisa, aka kawo tuwo, aka yi addu'a. Malam ya ce, "Inna, yau da hannuna a miyar nan."

Matarsa ta ɗago kai a hankali.

Tsohuwa ta kai loma. Ta tsaya. Ta dubi rufin ɗaki. Ta haɗiye da ƙyar, kamar mai shan maganin zazzaɓi.

Malam ya zaro takardar ya ce, "Inna, ga shaida. Daidai take da lissafi."

Ta ce, "Ban yi musu ba, Malam. Ai sai takardar ta ci." Ta juya wajen 'yarta. "Ke, kada ki zubar. Juye mini a bokiti, ina da zane biyu masu datti."

A ranar nan, da ƙuli-ƙuli aka ci tuwo.

Ma'anar wannan misali ita ce: hodar nan gaskiya ce, miyar kuwa zuciyar ɗan'uwanka. Malam bai yi kuskure a lissafi ba. Gaskiya ma haka take, ka faɗe ta sau ɗaya, ka faɗe ta sau hamsin, ba ta sauyawa. Amma ɗan'uwanka ba takardar gwaji ba ne, mutum ne da zai haɗiye.

Mun san kanmu. Yarinya ta makara zuwa koyon waƙa, an gaya mata, ta ce a yi haƙuri. Sai a biyo ta har bakin ƙofa: "Ni fa ba faɗa nake yi ba, gaskiya ce kawai." A sake tare ta ran Lahadi: "Don ina ƙaunarki ne." A ƙarasa a taron addu'a: "Ya Ubangiji, ka tuna da waɗansu da ba su da agogo." Kowace kalma daidai ce, amma yarinya ta daina zuwa.

Saboda haka, 'yan'uwa, in za ku gyara wa wani, ku sa kaɗan, ku jira, ku dubi fuskarsa. In ya ce ya ji, to ya ji. Ku rufe baki, ku tambaye shi yaya gida.