Taɓaryar da Yalwa Ta Cafe

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A da can, tun injin niƙa bai zo ya raba mata da hira ba, akwai wata Tabawa da ƙanwarta Yalwa. Turmi ɗaya suke daka. In lugude ya yi daɗi, sai Tabawa ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta ce, "Lam!" Sai Yalwa ta cafe. Su biyu suka ƙago kalmar. Kai, ina kewar dakan nan. Ku kam ba ku san komai ba sai garin leda.

Sai Yalwa ta yi aure, miji ya ƙaura da ita hayin kogi. Shekara arba'in shiru. Tabawa ta tsufa, ido ya fara yin hazo. Ta ce, "Ba zan mutu ban ji muryar Yalwa ba." Neman suna kuwa banza ne, don a gidan miji wani suna ake laƙa wa mace. Sai ta kama hanya da kalmarsu.

Ta isa kogi, ta tambayi mai kwalekwale, "Ɗana, ka san mai amsa lam?"

Ya ce, "Inna, a yarenmu lam ruwa ne mai zurfi. Shigo in ƙetarar da ke."

Ta isa maƙera, ta tambaya. Maƙeri ya ce, "Mu nan in an ce lam, a ƙara zuga wuta ke nan."

Ta tambayi wata mai tallan nono. Ta ce, "Mu da lam muke kiran maraƙi. Ungo, jiƙa maƙoshi."

Tabawa ta zauna gindin tsamiya, zuciyarta ta karye. Ta ce, "Ashe kalmar tamu ta kowa ce."

Sai ta ji daka a wani gida. Ta yi sallama, ta tarar da 'yan mata a bakin turmi. Ta ce, "Ku ara mini taɓarya, in tuna baya."

"Inna, za ki iya kuwa?"

Ta buga sau uku. Jiki ya tuna abin da ya saba. Ta cilla, ta tafa, ta ce, "Lam!" Sai a nan ta tuna ba ta gani sosai, ga taɓarya tana sauko mata a ka. 'Yan mata suka sa ihu.

Caraf, aka cafe. Wata tsohuwa ce da ke gefe tana tsince wake, ta yi watsi da faifai. Ta riƙe taɓaryar gam. Ta ce, "Yaya, har yau ta hagu kike cillawa."

Ƙurunƙus kan kusu, tawa ta ƙare. Kowane gari da yadda yake jin kalma, yara. Ku riƙe wanda ya san abin da kuke nufi.