Shelar da Dila ya yi a cikin shuri

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso, ku yi shiru.

An yi wani gari na namun daji, Ɓauna ne mai gari, Dila kuma sanƙiransa. In za a yi taro a gindin tsamiya, Dila ke ɗaukar ganga ya bi unguwa-unguwa yana shela. A kan tudu, inda danginsa suke, sai ya buɗe murya. In ya gangaro Unguwar Fadama kuwa, sai ya cusa baki cikin shurin gara ya yi raɗa, ya juya abinsa.

Aka yi taro, aka mai da juji Fadama. Aka sake taro, aka toshe wa 'yan Fadama hanyar kasuwa. Kullum Dila sai ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi shela, ba su zo ba. Shiru ma amsa ce."

A Fadama akwai wata tsohuwar Bushiya mai 'yar gonar albasa. Ran nan tana ban ruwa, sai ta hango Dila da baki cikin shuri. Da ya tafi, ta ƙwanƙwasa.

"Uwar gara, me baƙon nan ya ce?"

Uwar gara ta ce, "Iya, ya dame mu! Wai gobe da hantsi akwai taro, za a raba gonakinku ga 'yan tudu."

Bushiya ba ganga, ba murya, ƙafafu gajeru. Ta ce, "Ko da rarrafe ne, sai kowa ya ji."

Ta je wurin Kwaɗo. "Gobe taro. Ka ji, ka faɗa wa na gaba."

Kwaɗo ya ce, "Iya, wa zai saurare mu?"

Ta ce, "Je ka tukuna."

Ta je wurin Zabuwa. "Gobe taro. Kin ji, ki faɗa wa na gaba."

Zabuwa ta tashi da kwarmato.

Ta je wurin Kunkuru. Ya ce, "Kafin in isa an watse."

Ta ce, "To tashi yanzu, Malam. Tare za mu."

Da hantsi Dila ya miƙe a gindin tsamiya. "Ranka ya daɗe, na yi shela, ba su..."

Sai ƙura ta tashi. Ga kwaɗi, ga zabi, ga Kunkuru yana haki, ga Bushiya a gaba, ƙafa duk ta kumbura.

Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, mu ba a kira mu ba, mun zo. Ga waɗanda aka kira."

Sai gara suka ɓullo, tuli-tuli. "Mu sanƙira ke gayyata kullum. Yau mun amsa."

Dila ya ce, "Ai shurin ma a Fadama yake!"

Ɓauna ya ce, "Gaskiya ne. To baƙinka ne, ka ba su abinci."

Gara suka hau gangarsa, suka cinye. Suka cinye kujerarsa. Da suka kama bindinsa, Dila ya zura da gudu, har yau bai dawo gari ba.

Aka bar wa Fadama gonakinta, aka kwashe juji. Ɓauna ya ce daga yau shela ba ta cika sai mai gida ya leƙo ya ce, "Na ji."

Yara, maganar da ta shafi kowa, a kunnen kowa ake yin ta. In an ɓoye muku, ku nemo ta, ku kai wa maƙwabci.

Ƙurunƙus, kan ɗan gara.