Maginin da Ya Kwance Matakansa

Akwai wani mutum magini, wanda ya baro garinsu tun yana saurayi, ya zauna a wani kwari mai nisa. Kullum in rana ta yi sanyi, sai zuciyarsa ta koma ga duwatsun garinsu, inda uwarsa take shanya barkono a kan falalen dutse. Har a mafarki yakan gan su, shuɗaye, suna iyo cikin gajimare. Sai ya ƙudura zai gina bene mai tsawo, ko ya hango su kafin ya mutu.

Ya sayo gora da igiya, ya kafa a jikin bango, ya ɗaura katakai hawa-hawa domin ya sami wurin takawa. Amma bai zauna ya gwada tsawon ginin da yawan gorar ba, gama hankalinsa yana can sama. Matarsa Rahila tana jefa masa tubali, yana cafewa yana waƙa.

Bango ya yi nisa, gora ta ƙare. Maƙwabcinsa Iliya ya leƙo ya ce, "Ina da gora a bayan ɗaki, ka aiko a ɗauka."

Maginin ya ce, "Tawa ta ishe ni." Shi dai mutum ne da ya gwammace ya kwana da yunwa da a ce ya roƙi gishiri.

Sai ya riƙa miƙa hannu yana kwance matakin da ke ƙasa da shi, yana jawo shi, yana ɗaurawa a sama. Rahila ta ce, "Maigida, to da me za ka sauko?"

Ya ce, "Bari in hau tukuna."

Da la'asar ya kai ƙarshen bango. Ga duwatsun can, shuɗaye kamar yadda ya bar su, ga kogi siriri kamar zare. Ya zauna yana kallo, hawaye suna zuba, har ya manta da duniya. Sai iska ta juya, hadari ya taso daga gabas. Ya duba ƙasa, ba mataki ko ɗaya, ga ɗanyen gini a ƙarƙashinsa wanda ba zai jure ruwa ba. Tsoro ya kama shi ƙwarai. Ya buɗe baki da ƙyar ya kira sunan Iliya.

Iliya ya fito. Ya tara maƙwabta, suka kwaso gorarsu, har da ta rumfunansu, suka ɗaura daga ƙasa zuwa sama. Ƙafar maginin tana taɓa ƙasa, ruwa ya sauko.

Ma'anar wannan misali ita ce, benen nan shi ne burin zuciyarka, kuma buri ba zunubi ba ne. Matakan su ne abubuwan da Ubangiji ya ba ka ka taka: addu'a, da iyaye, da 'yan'uwa masu bi, da malamin da ya koya maka karatu. Da yawa daga cikinmu in mun hau kaɗan, sai mu kwance su ɗaya bayan ɗaya, mu ce tamu ta ishe mu. Girman kai rawanin tsiya ne, 'yan'uwa. Alherin Allah ne ya sa Iliya yana gida a ranar nan. Kai kuwa, wa ka kwance ka bari a baya? Ka je ka gaishe shi a makon nan, tun sama tana garau.