Misalin Mai Kajin Ƙwai da Abin Wuyan Karensa

Ranar Alhamis ce, tara ga watan Mayu, da hantsi, abin ya fara. Masu cewa Laraba ce ba su nan a wurin, gara su yi shiru su saurara.

Akwai wani tsoho a wani gari wanda ya ƙarar da ƙarfinsa wajen koyar da 'ya'yan mutane har ya yi ritaya. Da ya ajiye alli bai zauna ba, sai ya karɓi ajin yara na makarantar Lahadi, gama babu abin da ya fi faranta masa rai kamar ya ga yara jere a kan benci suna amsa masa da murya ɗaya. Kowa a garin Baba Malam yake ce masa.

Tsohon nan yana da maƙwabci mai kiwon kajin ƙwai, bari mu kira shi Filibus. Shi ma ta ajin Baba Malam ya bi tun yana yaro. Bai taɓa zuwa na ɗaya ba, bai ma yi kusa ba, amma wajen ladabi babu kamarsa. In zai gai da babba, ba ya irin ɗan kaɗa kan nan na samarin yanzu, kamar ƙadangare a kan katanga. Tsugunawa yake yi sosai, har mazaunansa su sauka a kan dugadugansa.

Filibus yana da jan kare mai suna Ƙyalesu. Karen nan abokin tsohon ne. Kullum tsohon yakan ba shi ƙanzo, shi kuma yakan raka shi har ƙofar majami'a ya kwanta a inuwa ya jira. Aibin Ƙyalesu ɗaya ne, shan ƙwai.

Ana nan sai ƙanin matar Filibus ya zo daga birni, ya kawo masa abin wuyan kare mai aiki da batir, don a hana karen shan ƙwai. Madauri ne mai ɗan akwati, da ƙananan ƙarafa biyu masu taɓa fatar wuya, da kuma rimot da ake sarrafa shi daga nesa. Ya zaunar da shi ya yi masa bayani.

"Yaya, wannan maɓalli ƙara kawai yake yi. Wannan girgiza. Wannan jan kuwa shi ne mai lantarki. Da ƙara za ka fara, ka kira sunansa tukuna. Lantarkin ka bar shi ƙasa-ƙasa, ɗan tsikari ake so, ba azaba ba. Da yamma ka cire masa, ka goge ƙarafan, ka duba wuyansa. Ga kuma makulli a gefen rimot ɗin. In za ka sa shi a aljihu, ka tura makullin."

"Na gane, na gane," in ji Filibus. "Ina wurin ƙara masa ƙarfi?"

Da aka nuna masa, sai ya murɗa har ƙarshe. Ya ɗaure wa karen abin tamau, ya cusa rimot a aljihun baya na wandonsa na kullum da ya matse shi tun bikin Kirsimetin bara. Makullin kuwa bai sake tunawa da shi ba.

Ranar Alhamis ɗin nan, Baba Malam ya fito da ƙanzo a hannu. Ƙyalesu ya taho da gudu yana kaɗa wutsiya. Filibus ma ya fito daga ɗakin kaji, ya ce, "Ina kwana, Baba," ya tsuguna. Da wandon ya ɗame, sai ya danna jan maɓallin a aljihu. Karen ya yi tsalle sama da ƙafa huɗu, ya kurma wani irin kuka, ya kutsa ƙarƙashin rumbu.

"Me ya same shi?" in ji tsohon.

"Ko kunama ce, Baba," in ji Filibus, yana nan a tsugune, karen kuma yana can yana ci gaba da kukan.

Kare ba ya sanin rimot. Abin da idonsa ya gani lokacin da zafi ya same shi, shi yake ɗora wa laifi. Idon Ƙyalesu kuwa Baba Malam yake gani. Kashegari haka aka yi, wanshekare ma haka. Tsoho ya fito, mai ladabi ya tsuguna, kare ya yi kururuwa. Ba a jima ba, ko tarin tsohon ya jiyo ta bayan katanga sai ya ruga bayan gida yana haushi.

To, a garin nan mutane sun gaskata cewa kare yana ganin abin da mutum ba ya gani. Filibus kuwa, maimakon ya laluba aljihunsa, sai ya buɗe bakinsa. Bayan sujadar Lahadi, a gindin mangwaron da maza ke tsayawa, ya ce, "Ni fa ban ce komai ba. Baba ne ya koya mini karatu. Amma Ƙyalesu bai taɓa yi wa kowa haka ba, sai shi."

Har ya gayyato dattawan ikilisiya biyu su zo su gani da idonsu. Suka zo suka tsaya a ƙofar gidansa kamar masu cinikin ƙwai. Ya ɗaure karen a turke don kada ya gudu. Da tsohon ya fito, Filibus ya ga manya suna kallo, sai ya tsuguna fiye da kullum, ya kuma daɗe a ƙasa yana tambayar lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, da gajiya, da ciwon gwiwa. Karen ya kusa tumɓuke turken. Dattawan suka dubi juna, suka tafi ba su sayi ƙwai ba.

Kafin Lahadi ta zagayo, kalmar maita ta shiga gari. Ba wanda ya faɗa wa tsohon a fuskarsa. Ya dai ga mata suna jan hannun 'ya'yansu zuwa ɗaya gefen hanya in ya taho. Ya shiga aji da allonsa da hotunansa, ya tarar da rabin bencin babu kowa. Mako na gaba bencin kawai ya tarar. Ya zauna shi kaɗai har lokacin ajin ya cika, domin shi ba ya tashin aji kafin lokaci.

Fasto ya same shi a nan, ya ce, "Baba, ka ɗan huta da ajin nan tukuna, har ƙura ta lafa."

"Na gaji ne aka ce maka?"

"A'a, Baba. Iyaye ne dai suke ɗan magana."

"Wace magana?"

Fasto ya ɗaga kai ya dubi rufin kwano.

Tsohon ya koma gida da baƙin ciki mai yawa. Amma wanda ya shekara da shekaru yana gano yaron da ke tsungulin ɗan'uwansa a ƙarƙashin tebur ba ya rasa lura. Ya riga ya ga cewa kuka iri biyu karen yake yi. Akwai haushin tsoro in ya hango shi, akwai kuma kururuwar zafi, wadda ba ta zuwa sai Filibus ya kai ƙasa. Dalilin ne kawai bai sani ba.

Shi kuwa Filibus ba ya cire wa karen abin nan dare da rana, sai in batir ya mutu ya kai caji. Har ƙarafan suka ci wuyan karen, ya yi gyambo, ƙudaje suna bi. Wata safiya matarsa ta ga wutar akwatin ta koma ja tana ƙiftawa, ta ce, "Baban Briskila, cire masa abin nan ya sha iska. Ka ga ma batir ɗin ya mutu, ka biya da shi wurin masu cajin waya."

Hannuwansa biyu suna riƙe da kiret-kiret na ƙwai da zai kai wa masu shayi. Ya ce, "Ina zan riƙe shi? Rataya mini a wuya." Ta cire wa karen, ta rataya masa, ta kuma ja madaurin ta ɗaure don kada ya faɗi a hanya. Batir ɗin kuwa bai mutu ba, da sauran ransa.

A bakin injin niƙa, inda mata suka yi layi da kwanonin masara, ya yi kiciɓis da Baba Malam. Ladabi bai bar shi ba. Ya ce, "Ina kwana, Baba," ya tsuguna da ƙwan a hannu.

Ihun da ya yi ya danne ƙarar injin. Ƙwai suka tashi sama kamar tantabaru, suka sauko a kansa da kan masarar mutane. Mata suka watse. Wata daga cikinsu, Mama Damaris ta zumuntar mata, ta ja da baya tana cewa, "Kun gani ko? Ya gama da kare, ya koma kan mutane."

Tsohon bai ko kalle ta ba. Idonsa yana kan abin da ke wuyan Filibus. Sai ya yi magana da muryar aji.

"Filibus, miƙe tsaye."

Ya miƙe, gwaiduwa tana bin kunnensa.

"Yanzu kana jin wani abu?"

"A'a, Baba."

"Tsuguna."

"Baba, don Allah..."

"Ba ka gama gaishe ni ba. Tsuguna."

Ya tsuguna, ya sake zabura yana riƙe da wuya.

"Me ke cikin aljihunka na baya? Fito da shi. Miƙa wa Maman nan ta riƙe. To, sake tsugunawa."

Filibus ya sauka a hankali, ido a rufe, har ya zauna daram a cikin fasassun ƙwai. Babu abin da ya same shi. Har mai injin ma ya kashe injinsa.

Mama Damaris ta jujjuya rimot ɗin a hannunta, ta ce, "Wai wannan ɗan jan ne yake yin duk wannan?" Ta danna.

Da Filibus ya dawo ƙasa, tsohon ya ce mata, "Shi ne, Mama. Kin kuwa amsa daidai."

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Labari ya zaga gari, amma labarin ƙwai ne ya zaga, da yadda Filibus ya yi tsalle. Ba wanda ya bi gida-gida ya ce tsohon nan ba maye ba ne. Waɗanda ba su je niƙa ranar ba suna nan da abin da suka ji a gindin mangwaro. Wasu ma cewa suke yi, to, in rimot ne, me ya sa har yanzu karen yake gudunsa?

Da la'asar Filibus ya zagayo ta ƙofar baya da ɗan kwanon ƙwai masu tsagewa. Ya duba hagu da dama, ya ce ƙasa-ƙasa, "Baba, a yi haƙuri. Abin ya wuce, ko?"

Tsohon ya ce, "Na yafe maka, ɗana. Amma ajina yana nan babu kowa."

Ma'anar wannan misali ita ce. Abin wuyan nan iko ne, irin wanda Allah yake danƙa wa kowannenmu a kan wani: uba a kan 'ya'yansa, maigida a kan masu yi masa aiki, dattijo a kan ikilisiya. Ba mugun abu ba ne in an bi ƙa'idarsa. Amma wanda aka ba shi iko, tambayarsa ta fari ta zama ina wurin ƙara ƙarfi, wanda ba ya kiran suna kafin ya hukunta, ba ya kuma kwance madauri da yamma ya duba ko ya ji wa na ƙarƙashinsa ciwo, wannan zai ba da lissafi. Karen nan bai daina shan ƙwai ba, ku sani. Abin da ya koya kawai shi ne tsoron mai ba shi ƙanzo. Haka yaran da ake duka ba tare da bayani ba suke tashi suna ƙin wanda bai yi musu komai ba.

Tsugunawar Filibus kuwa ita ce ladabin da muke yi a gaban mutum alhali abin cutarwa yana aljihunmu na baya, ba mu kulle shi ba. Harshe ke nan. Mutum ya gaishe ka har ƙasa da safe, da rana ya tsaya a inuwa ya ce shi bai ce komai ba. 'Yan'uwa, in wani abu yana ta lalacewa duk lokacin da kuke wurin, ku fara laluba aljihunku kafin ku tara dattawa a kan maƙwabcinku. Dattawan ma da aka tara, da sun yi tambaya ɗaya tak, da ba a kai nan ba.

Sauran magana ɗaya, ita ce kuma mafi nauyi. Gafara aikin wanda aka cuta ne, tsohon ya riga ya yi nasa. Gyara kuwa aikin wanda ya yi ɓarna ne, kuma inda aka ɓata a nan ake gyarawa. Sunan da aka zubar a gaban jama'a ba a kwashe shi ta ƙofar baya da kwanon ƙwai masu tsagewa.

Saboda haka mai karen nan, wanda yake zaune a cikinmu, ya kuma san kansa, wajibi ne ya fito gaban ikilisiya ranar Lahadi, bayan sanarwa, kafin a karɓi baiko, wato kuɗin da ake bayarwa a majami'a. Dattawan nan biyu su tsaya kusa da shi. Ya ɗaga rimot ɗin kowa ya gani, ya faɗi abin da ya faru daga farko har ƙarshe ba tare da ragi ba, ya ce wa iyaye su mayar da 'ya'yansu aji. Sa'an nan ya juya ya nemi gafarar tsohon da sunansa, a tsaye, da murya mai ƙarfi, yadda na bencin baya ma za su ji.