Gizo da Ƙofar Maɓallin Kura

"To ku matso kusa, ga ta nan ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Gizo dai ya buɗe shagon ɗinki, gari ya ɗauka wai babu tela kamarsa. Ƙarya ce. Shi dai ya haɗa riga, amma ƙofar maɓalli matarsa Ƙoƙi ke yi a cikin gida. Sai ta auna maɓallin, ta ja layi da alli, ta kafa fil a ƙarshen layin don kada reza ta zarce, ta tsaga, sannan ta bi bakin da ɗinki ƙanana a jere har ya kama. Rannan ta ce, "Maigida, ko sannu ba ka taɓa yi mini ba." Ya ce, "A kan ɗan hujin nan? Ko kaza ta iya." Ƙoƙi ta ajiye allura, ta tafi gidansu.

Kwana biyu sai ga Kura da yadi. Ta ce, "Malam Gizo, jibi sunan jikata. Riga nake so mai maɓalli bakwai. In ta yi, mun gode. In ba ta yi ba, da kai zan karya kumallo."

Gizo ya haɗa rigar, ya ɗauki reza ya tsaga ƙofofin maɓalli ba awo. Kura ta sa riga, ta yi tari ɗaya, maɓallai suka zame. Ya ce, "Gwaji ne, ranki ya daɗe."

Ya sake, ya huda da tsinke. Aka yi ta turawa, maɓalli ya ƙi shiga. Ya ce, "Wannan ma gwaji ne."

Na uku fa gumi ya karyo masa. Sai ja'irin ya ce ta tsaya cak, ya ɗinke rigar ruf a jikinta tun daga wuya har cibiya, ya jera maɓallan a sama. Kura ta ce, "To yaya zan cire?" Ya ce, "Cirewa kuma? Ai sai 'yan ƙauye. Manyan birni sun daina."

Kura ta shiga taro tana yanga. Bunsuru ya ce dama ya san yayin. Jimina ta ce ita ma irinta za ta ɗinka. Duk ƙarya suke, tsoro suke kada a ce musu ƙauyawa.

Aka kawo nama. Kun san Kura da ci. Ta ci, ta ƙara, ta suɗe akushi. Ciki ya kumbura, riga ta shaƙe ta, ido ya firfito. Aka ja maɓalli, aka murɗa, babu ƙofa.

Ƙoƙi na cikin 'yan suna. Ta ɗauko reza ta farke ɗinkin, ta zauna a gaban kowa ta fitar da ƙofa bakwai tsaf. Kura ta ja numfashi ta ce, "Ashe ke ce telar. Ina mijinki?"

Ina! Gizo tuni ya haye rufin ɗaki. Har yau yana can yana saƙa, duk huji ne, babu guda da zai riƙe maɓalli.

Kun ji dai, 'ya'yan nan, kada ku raina ƙaramin aiki, kada kuma ku raina mai yi muku shi.

Tawa ta ƙare nan, ƙungurus kan kusu.