Bargon da Aka Mayar wa Tabawa

An yi wata mata a wani gari, tun zamanin da ba a san keken ɗinki ba, sai allura da zare. Sunanta Tabawa. Baiwar Allah ce da ba a jin muryarta a unguwa. Ta daɗe a gidan miji ba haihuwa, sai da ta fara fid da rai Allah ya ba ta ciki.

Murna ta hana ta zama. Ta tara ƙyallaye, na saƙi, na fari, na baƙi mai shuni, tana haɗa wannan da wancan, ta shimfiɗa auduga a tsakani, za ta yi wa ɗanta bargo. Saura kalmasa baki naƙuda ta zo. Yaro ya faɗo, ya yi kuka, kafin la'asar ya koma ga Mai shi.

Ku saurara, jama'a. Masu gaisuwa suka watse, Tabawa ta kasa zama wuri ɗaya. Ta share tsakar gidan da ta riga ta share. Ta ɗauko bargon, ta ajiye, ta sake ɗaukowa. Nono ya cika mata ƙirji, babu mai sha. Ana cikin haka maƙwabciyarta Hansai ta haihu. Katanga ce kawai tsakaninsu, duk kukan da jaririn zai yi a kunnen Tabawa yake sauka. Ta kuma san gidan, ta san ba su da abin rufa na kirki. Sai ta zare allura ta ƙarasa bargon, tana ɗinki tana share ido.

Ranar suna ta ɗauka ta tafi. A ƙofar ɗaki surukar Hansai, Iya Kande, ta tare ta, mata cike da gida.

Ta ce, "Wannan ba shi ne kika ɗinka wa wanda bai zauna ba?"

Tabawa ta ce, "Shi ne, Iya. Ba a taɓa rufa da shi ba."

"Koma da abinki, 'yar nan. Kada ya taɓa mini jika."

Tabawa ta naɗe bargonta, ta yi wa mai jego barka daga waje, ta koma gida.

Mijinta Malam Nomau da ya ji, ya ce, "Sa shi a ƙasan adaka, ki fita harkarsu."

Ta ce, "Malam, maganar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Amma jaririn me ya yi mini? Ga damina ta kama, ɗakinsu yoyo yake yi. In za ka kasuwa ka roƙo mini ƙyallaye wurin maɗinka. Zan yi wani, wanda ba za su ji tsoronsa ba."

Kun ji fa. An wulaƙanta ta a gaban mata, ita kuwa sanyin da ɗan wani zai ji ne ya dame ta. Ta yanka zanenta na fita ta yi shafi. Ta ɗora tukunya ta koma kan ɗinki, ta sauke ta koma kan ɗinki. In ta ji jaririn ya yi tari sai hannunta ya ƙara sauri, allura ta soke ta, ta tsotse yatsa ta ci gaba.

Ba ta gama ba aka wuni ana ruwa. Da yamma ta ji murya ta kan katanga, Hansai ce.

"Yaya Tabawa, jikin yaron ya yi sanyi, zannuwana duk sun jiƙe. Bargon nan yana nan?"

"Sabon bai ƙare ba tukuna."

"Na farkon nake nufi. Iya ce ta ce in tambaye ki. Kunya ta hana ta zuwa da kanta."

Tabawa ba ta tsaya jin ƙarshen maganar ba. Ta ɗauko shi, ta lulluɓe da mayafinta don kada ya jiƙe, ta miƙa. Ba ta ce ai kun ƙi shi ba. Ta tsaya nan jikin katanga, ruwa na dukanta, har kukan yaron ya lafa. Yaron kuwa ya rayu, ya girma, domin rai da ajali ba a jikin ƙyalle Allah ya ajiye su ba.

To 'yan'uwa, mu fa? A mayar mana da kyauta a gaban mutane, sai mu rantse mun daina, mu zauna muna jiran ranar da za su zo nema don mu tuna musu. Wannan alheri ne da aka yi don a gode, shi ya sa kalma ɗaya take kashe shi. Wanda aka yi don Allah, ko an mayar da shi yana nan da ransa. Kowa a cikinmu akwai gidan da ya daina shiga saboda wata magana da aka faɗa masa. A gidan nan akwai yara, kuma ba su suka faɗa ba. In kun tashi daga nan, ku je ku dubo su. Allah ya ba mu ikon yi.