Harshen Barau da Dokokin Sarki

A zamanin da, an yi wani sarki wanda ya gaji da gunagunin talakawa, ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya kushe dokokinsa a yanke masa harshe. A shekarar kuwa wata cuta ta shiga bargar sarki, dawaki suna ta faɗuwa. Mai yi musu magani wani bawan Allah ne, Barau, yana da mata, Ladingo, da 'ya ɗaya mai shekara uku, Tasalla.

Wata rana Ladingo ta kai wa mijinta fura, Waziri Gwadabe ya zo wucewa, ya tsaya yana yi wa yarinyar wasa. Sai Tasalla ta ce, "Dokokin sarki sun lalace. Baba ya ce duk za su mutu."

Kafin azahar an gurfanar da Barau. Ya rantse bai faɗa ba. Wani malami ya ce magana a nono ake tsotsarta, a tuhumi uwar. Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, yaro tulu ne, abin da aka zuba masa ta kunne shi yake zubarwa ta baki. Ba ya ƙirƙira." Sarki ya gyaɗa kai, aka yanke wa Barau harshe a ranar.

Kwana tara Ladingo tana jinyar mijinta, ba ta iya ko kallon 'yarta. Rannan suna bakin rijiya aka zo shayar da wasu dawaki, Tasalla ta yi tsalle tana nunawa: "Inna, ga dokoki!"

Guga ya suɓuce daga hannun Ladingo.

Ta nufi fada, ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon a fito da jikarka ƙarama, a kuma kawo shanu biyu."

Sarki ya yi mamaki, amma ya yarda. Aka nuna wa yarinyar ɗaya, ta ce, "Saniya." Aka haɗa su biyu, ta tafa hannu ta ce, "Saniyoyi!"

Fadawa suka fashe da dariya. Ladingo ba ta yi ba.

Ta ce, "Wa ke cewa saniyoyi a gidanka, ranka ya daɗe? Babu. Ta ji taga da tagogi, ta ji ƙofa da ƙofofi, sai ta gina nata da kanta. Haka 'yata ta ji doki, ta ce dokoki. Dawakinka mijina ya ce za su mutu, yana kuka ya faɗa, don shi ya raine su."

Sarki ya dubi Waziri, ya ce, "Tulun naka ya ƙirƙira." Nan take aka warware wa Waziri rawani, aka kore shi daga ƙasar, aka soke shelar. Aka ba Barau gida da gona da riguna, masu kakaki suka raka su har ƙofa.

Ladingo ta yi godiya yadda aka saba.

Da yamma Barau yana zaune a sabon tsakar gidansa, wani tsuntsu mai jan wuya ya sauka kan katanga. Tasalla ta hau cinyarsa, ta kama gemunsa ta juyo da fuskarsa.

"Baba, mene ne sunansa?"

Ya buɗe baki, ya rufe.

"Baba, ka faɗa mana!"